Fatar da Ta Koma Miya

A tashar mota Madu, tsohon ma'aikacin kamfanin takalma, ya tsura wa buhunan gandar wata 'yar kasuwa ido har ya kasa yin shiru.

"'Yata, wannan fatar mai kyau ina za ta?"

"Kudu, Baba. Miya za a yi da ita."

"Miya! Da a Maidugurin nan muke jeme irinta, mu ɗinka takalmin da har Chadi ake nema. Yanzu kun babbake kuna cinyewa. Ko kunya babu?"

"Kunyar me? Ni na rufe kamfanin? Babana ma can ya ƙare ƙarfinsa. Da aka garƙame ƙofar, gandar nan ce ta ciyar da mu."

"Wane ne babanki?"

"Onyekwere."

"Mai yanka fata? Yana ina?"

"Ya rasu bara. Ya roƙe mu mu binne shi da takalmin kamfanin, na ƙarshe da ya ajiye."

Madu ya dubi silifas ɗin robar da ke ƙafarsa.

"To, shi kam ya tafi da nasa," in ji shi.