Yadda Na Rasa Yayyena Biyu

Mai girma shugaban wannan taro, iyayenmu maza da mata, malamanmu, wakilin hukumar lafiya da ya amsa gayyatarmu, 'yan'uwa da suka zo daga ƙasar waje, da mu da muke zaune a gida, assalamu alaikum.

Ina godiya da aka miƙa wa tsohon direba irina abin magana. An ce in kwatanta zaman can ƙasar waje da zaman nan gida, tunda na taɓa leƙawa, gani kuwa ya kori ji. Ni ba masani ba ne. Abin da na sani yayyena ne mata biyu, uwa ɗaya uba ɗaya, ciwonsu ma ɗaya, ciwon ƙirji mai toshe numfashi. Bara na rasa su duka.

Na farko, Yaya Babba. Aure ya kai ta can tun ina yaro. Mijin ya rasu, 'ya'ya suka watsu garuruwan aiki, ita kuma ta tsufa tana guga a ɗakin wankin wani asibiti. Da na je gaishe ta, na ga abin da ke hana matasanmu sukuni. Ka murɗa famfo, ruwa. Ka danna bango, wuta. Magani har ƙofa ake kawo mata, ga na'urar numfashi a gefen kujerarta. Na ce, "Yaya, ai ke kin huta." Ta ce, "Auta, hutun ne ya yi yawa. Ka ga ƙofar da ke kallon tawa? Ban san sunan mai ita ba." Ranar da zan taho ta riƙe hannun rigata a bakin matakala, ta ce in ƙara mata hira ko da ta ƙarya ce.

A kan kujerar nan ta cika. Ɗakin da ɗumi, na'ura na aiki, talabijin na magana. Sai da mai kula da benen ya lura labulenta ya daɗe bai motsa ba, sannan aka fasa ƙofa.

Na biyu, Yaya Ƙarama, telar nan ta bayan kasuwa, da yawanku kun sa ɗinkinta. Ita kam ba ta taɓa cin abinci ita kaɗai ba. In ta yi tari, daga bayan katanga ake yi mata sannu. Ran da ciwon ya tashi da hantsi, maƙwabta suka cicciɓe ta zuwa motata, muka bi ramukan hanya har asibiti. Aka sa mata na'ura, ta fara dawowa hayyacinta, har ta tsokani jikarta kan ɗaurin ɗankwali. Sai aka ɗauke wuta. Aka je tayar da injin ba da wuta, babu mai. Ma'aikaciyar jinya ta yagi kwali tana yi mata fifita tana hawaye. Ɗaki cike da mu, amma babu mai iya ara mata numfashi ɗaya. Ta dube ni ta ce, "Auta, buɗe taga." Jama'a, tagar a buɗe take.

Kada wani ya ce mini kowa da ajalinsa. Na sani, na kuma yarda. Amma ajali dabam, sakaci dabam.

Na uku, roƙo. Ranka ya daɗe wakilin hukuma, ba benaye muke nema ba, ba fitilun ado a titi muke nema ba. Wutar da ba ta mutuwa a ɗakin majinyata muke nema. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa, domin gadon asibiti bai san mai muƙami ba. Ku kuma 'yan'uwa na waje, zumunci a ƙafa yake. Akwai tsofaffinmu a bayan ƙofofi a can, ku ƙwanƙwasa.

Ga matasa kuwa, ba ni da bakin cewa kada ku tafi. 'Yata da ta karanta jinya ta samu aiki a can. Ta ce mini, "Baba, in na zauna, ina kallo mutane za su riƙa mutuwa a hannuna. In na tafi, wa zai duba ka?" Ga shi kuwa ta gama haɗa kayanta.

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Allah ya kiyaye na waje daga mutuwar kaɗaici, ya kiyaye na gida daga mutuwar sakaci, ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.