Mai Shanu da Mai Tarakta

A maƙerar kasuwar garin Zaachila, ƙarshen watan Afrilu, wani dattijo da ya kawo adda a wasa masa ya yi ta hararar garmar mutumin da ke zaune kusa da shi.

"Har yanzu da shanu kake huɗa, ɗan'uwa? Sannu da wahala."

"To ya za a yi, Baba? Ni da yarana uku ne. Jiya muka gama kai taki, uwarsu na gida tana zaɓen irin masara."

"Ni tarakta ke yi min. Ɗana Nicanor ke ɗaukar nauyinta daga Amurka. Kafin wainar masara ta tortilla ta huce an gama gonar."

"Kai ka haifi ɗa! Nawa ko birni sun kasa zuwa su nemo wani abu. Sai ci, sai faɗa a kan wanda zai riƙe garma."

"Faɗa suke yi a kai?"

"Kullum. Autan har da kuka."

"Shirme," in ji dattijon. Can ya ce, "A gona kuke cin abincin rana?"

"A gindin bishiya. Wake ne da barkono kawai."

"Ku duka?"

"Mu duka. Kai fa, da wa kake ci?"

"Da direban taraktar, in ba sauri yake yi ba. Shekara tara rabona da Nicanor." Dattijon ya gyara malafarsa. "Yaushe za ku yi shukar? Ba don komai ba, yaran nan naka na bukatar wanda zai nuna musu aiki."