Ƙarfen Tsohuwar Fijo

A wani gareji a Ƙofar Kaura, wani dattijo na ta goge farin ƙarfen ƙofar tsohuwar Fijo da tsumma. Wani mai jiran gyaran babur ya matso.

"Sannu da aiki, Baba. Motar da ko inji babu ake wa wannan kwalliya?"

"Inji ya jira, ɗana. Wannan ya fi gaggawa."

"Don mi?"

"Muna sabon aure, a nan Hajiya Lailatu ke duba ɗaurin ɗankwalinta kafin ta shiga. Jiya ta ce mani wai ta tsufa."

"To, in ta leƙa ta hango furfura fa?"

Dattijon ya yi dariya.

"Sai in ce ƙarfen ne bai gogu ba."