Zanen Matar Direba

A ɗakin jira na tashar jirgin ƙasa, wani ɗan kasuwa ya dubi tsohuwar da ke gefensa.

"Awa uku ke nan, Inna. Injin jirgin nan ya gaji, su jefar da shi mana."

"Ba gajiya ba ce, ɗan nan. Don ƙasar sanyi aka ƙera shi, aka turo mana. Shekara ashirin maigidana yana tuƙa shi. In injin ya ɗau zafi, sai ya jiƙa tsohon zanena ya rufa masa."

"To, ina za ki?"

"Ba inda za ni." Ta gyara ƙunshin da ke cinyarta. "Tun rasuwarsa nake kawo wa direbobi zanen. Har yau ba wanda ya karɓa."