Tayoyi Huɗu, Motoci Bakwai

Assalamu alaikum.

Mai girma shugaban wannan taro, shugaban ofishin gwajin lafiyar motoci da ma'aikatansa, shugabannin direbobi, kanikawa masu gyara ɗaya su kwance biyu, masu faci, dillalai waɗanda duk motar da ke hannunsu "ta wani dattijo ce da ba ya fita da ita", iyayena maza da mata, 'yan'uwa masu mota da masu fatan yin mota, ina yi muku gaisuwar ban girma.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya tara mu lafiya. Ina kuma gode wa waɗanda suka shirya wannan taro na kiyaye haɗura, da suka ga ya dace su karrama ni, ni ma'aikaciyar jinya a ɗakin haihuwa, saboda motata mai shekara ashirin da huɗu ba ta taɓa faɗuwa gwaji ba cikin shekara shida a jere. Kun ji shugaba ya ce a cikin motoci goma irin tawa, tara suna cin gwaji tashin farko, har ya shawarci mai neman tsohuwar mota ya nemi irinta. Na ga wani dillali yana rubutawa. Malam, ajiye biron tukuna, don ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma yau ranar wankana ce.

Batu na farko, ita kanta motar. A gidanmu Goggo muke ce mata, saboda tana da tari da safe, tana da ƙorafi a kan hawa, kuma ba ta son a matsa mata. Ƙofar baya ta hagu daga waje ake buɗe ta, ta dama daga ciki. Duk da haka ba zan ci amanarta ba. Injinta bai taɓa kunyata ni ba, ta kai ni aiki cikin ruwa da rana, ta ɗauko mata masu naƙuda da ban san adadinsu ba. Tsohuwar zuma ce, da ita ake magani.

Batu na biyu, yadda ake cin gwaji. A filin ajiye motoci na wurin aikinmu, mu bakwai ne masu irin Goggo. Kayan wannan yana shiga jikin waccan kamar an auna. Wata rana yayana, wanda shi ne bakanikenmu duka, ya duƙa ya dubi tayoyina, ya shafa ɗaya da tafin hannu, ya ce, "Ƙanwata, wannan ai ta fi kan kawu santsi. Ba za ta wuce ba."

Na ce, "To Yaya, yaya za a yi?"

Ya ce, "Ku bakwai ne, gwajinku kuma ba rana ɗaya ba ne. Me zai sa ku sayi taya ashirin da takwas, alhali huɗu sun isa?"

Jama'a, muka haɗa hannu muka sayi sababbin tayoyi huɗu, da fitilun gaba biyu, da tukunyar kashe gobara ɗaya. Aka jingine su a bayan garejin Yaya, aka rufe da tamfol. Duk wanda gwajinsa ya zo, da safe a ɗaura masa, ya je ya ci gwaji, ya karɓo takarda, da yamma a kwance a mayar masa da nasa. Tayoyin nan ba su san hanyar kasuwa ba, ba su san hanyar makaranta ba, hanya ɗaya suka sani a duniya, daga gareji zuwa ofishin gwaji. Saboda haka, ranka ya daɗe, alƙalumanka gaskiya suka faɗa, sai dai ba motoci bakwai ka gwada ba. Tayoyi huɗu ka gwada sau arba'in da biyu, kuma wallahi sun cancanci yabo.

Akwai mutum ɗaya da ya so ya gano mu, jami'in da ke shiga ramin gwaji, wanda kowa ya sani da Mai Tocila. A shekara ta biyar ya haska tayata ta gaba, ya daɗe yana kallo, sannan ya leƙo daga ramin ya ce, "Sista, wannan tayar kamar na san ta."

Na ce, "Malam, ai taya duk baƙa ce."

Ya ce, "Haka ne. Amma wannan ta fi wasu ma'aikatanmu zuwa aiki."

Ya buga hatimi, domin doka ta ce ya duba abin da ke gabansa, abin da ke gabansa kuwa lafiyayye ne. Na fito ina dariya, na je na ba sauran labari, muka yi ta shewa.

Batu na uku, kuma a nan dariyata ta ƙare. Kwana tara bayan gwaji na shida, na ɗauko Inna, mahaifiyata, zan kai ta a duba idonta. An yi yayyafi, titi ya jiƙe. A wata gangara wata mata ta tsallako da yaro a hannu. Na taka birki, birki ya kama, amma tayoyin suka ƙi kama ƙasa. Goggo ta tafi a karkace kamar kaguwa, ina murza sitiyari tana tafiya inda ta ga dama. Muka wuce matar nan da yaronta da abin da bai fi kamu ɗaya ba, muka afka lambatu. Har yau in na rufe ido ina ganin takalmin yaron, ja ne, ɗaya ya cire.

Ni ko ƙwarzane ban yi ba. Inna ta karye a wuyan hannu. Ina kuka ina ɗaure mata hannun da mayafina, sai ta nuna gilashin gaba da haɓa, inda takardar gwajin take manne, sabuwa fil, ta ce, "'Yar nan, ita dai takardar ba ta ji ciwo ba ko?"

Ni da nake yi wa mata faɗa kullum kada su ɓoye wa likita ciwo, ni ce na yi shekara shida ina kai marar lafiya asibiti da ƙafafun aro. Kayan aro kuwa ba ya rufe katara.

Da aka fito da Goggo daga lambatu, na kai ta gwaji yadda Allah ya yi ta, ba kwalliya. Mai Tocila ya shiga rami, ya fito da laifi goma sha ɗaya, ya ce, "Sista, yau ne na fara ganin motarki. Sannu da zuwa." Wannan faɗuwar ba ta shiga lissafin da aka karrama ni da shi ba, don sake gwaji ne na ganin dama. Wata uku Yaya yana gyara, Inna tana zaune masa a gareji da hannu a rataye, tana cewa, "Ɗaure da kyau, injiniya, ni ce zan shiga." Bai taɓa aiki mai tsabta irin wannan ba. Goggo ta koma, ta ci gwaji da ƙafafunta.

Saboda haka ina da roƙo. Ga hukuma, kada ku ce za ku kori tsofaffin motoci daga titi, don tsufa ba laifi ba ne, kuma su ne ƙafar talaka. Amma ku riƙa rubuta lambar kowace taya a jikin takarda, ku riƙa tare mu a hanya ranar da ba mu shirya ba. Ga mai shirin sayen tsohuwar mota, kada ka tambayi sau nawa ta ci gwaji. Ka durƙusa ka shafa tayar da hannunka, ka taka birkin da ƙafarka, ka tambayi maƙwabcin mai ita ƙarfe nawa ake fara tura ta. Ga 'yan'uwana masu mota, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Abu na ƙarshe. Da izinin shugaba, tun da na hau wannan mumbari Mai Tocila yake waje, yana bin motocin da ke filin nan ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda aka ajiye a inuwar manyan baƙi. Ba tara zai ci kowa ba, takarda kawai zai saƙala a gilashi. Don haka kowa ya zauna ya natsu. Duk wanda ya tuna yana da uzuri kafin a shafa addu'a, mun gane shi.

Allah ya tsare mu a kan hanya, ya tsare waɗanda muka ɗauka da waɗanda ke tsallaka gabanmu. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ba kanikawanmu tsoronsa, ya ba jami'anmu ido da haƙuri. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya, a kan tayoyinsa na kansa.

Na gode.