Katin da Na Jefa a Kwandon Baiko

Ina gaishe ku duka a cikin sunan Yesu Ubangijinmu, iyayena mata da 'yan'uwana na Ƙanƙara, da ku da kuka sha hanya daga Faskari da Sabuwa. Salamarsa ta zauna tare da mu.

Sunana Rifkatu, an fi sani na da Maman Murna, daga wani ɗan ƙauye a gefen Mabai. Na ga waɗansunku suna taɓa juna. E, ni ce. Ni ce mai buga tulun kiɗa a zumuntar matan ikilisiya da ta tsaya a taro irin wannan shekara biyar da suka wuce, ta ba da shaida har da rawa. Yau ban zo da rawa ba, na zo in gyara waccan shaidar.

Bayan na haifi ɗiyata Murna ne na fara jin wani ɗan ƙullutu a bayan kafaɗata ta dama, bai fi aya ba. Na share shi. Kafin in yaye ta ya kai ƙwan kaza, ga tauri kamar dutse. Wanzami ya yi mani ƙaho, abu sai ƙaruwa. Daga nan maigidana, Baban Murna, ya kai ni asibiti, aka yi mani aiki aka cire shi, aka tura naman wurin gwaji.

Da sakamako ya fito, likita ya zaunar da mu ya ce, "Maman Murna, labari biyu ne. Na farko, ba ciwon daji ba ne, ba ya bin jini ya tsira a wani wuri. Na biyu kuma, kin san tofa a gona?"

Na ce, "Likita, 'yar manomi kake tambaya?"

Ya ce, "To haka yake. Desmoid ake ce mashi. Saiwoyinsa suna kutsawa cikin tsoka, ko mun share fes yana iya tohowa a inda yake. Ga katinki, duk wata uku ki dawo mu duba."

'Yan'uwa, labarin farko na ji. Na biyun a ƙofar ofis ɗin na baro shi.

Kun san al'adarmu, wanda Allah ya tashe shi daga ciwo yakan kawo godiya. Na zo da ƙwaryar dawa a ka, mata suna biye da ni da guɗa. Na ɗaga hannun nan har sama na ce, "An cire, ya tafi har abada!" Da aka zo zagayawa da kwandon baiko, wanda ake zuba abin da aka kawo wa Ubangiji, sai na kwance bakin zanena na zaro katin asibiti, na nuna wa jama'a, na ce ni da shi haihata-haihata, na jefa a ciki. Majami'a ta ɗauka da ihu. Ni kuwa ina ji a raina yau na nuna bangaskiya. Ashe baki shi ke yanka wuya.

Shekara ba ta cika ba, wata rana ina wanka, hannuna ya kai kan tabon. Na ji tauri a ƙarƙashinsa. Wayyo Allah! Na tsuguna a wurin har ruwan ya huce, na rasa mai yi mani daɗi.

Da na koma asibiti a lokacin, da ba haka ba. Amma da wane ido? Matar da ta jefar da kati a gaban ikilisiya? Matar da ake kawo wa marasa lafiya ana cewa, "Ki sa mata hannu, ke da Allah ya taɓa"? Sai na ja bakina na yi shiru. Tsoron kunya ya fi mani tsoron rasa hannu.

Na koyi ƙarya, ni da nake gaba-gaba a zumunta. Ana zafin bazara ina yafe da mayafi mai kauri. Tulun da nake bugawa tun ina budurwa na miƙa wa wata, wai in ba na baya dama. Maigidana ya tambaye ni, na ce sanyi ne. Ya ƙara tambaya, na hau shi da faɗa, kun dai san bakina. Bawan Allah ya ci gaba da yi mani addu'ar sanyi.

Fiye da shekara ina haka. Ƙullutun ya wuce girmansa na farko, zogi yana sauka har yatsuna, ludayi ma yana suɓuce mani.

Wata rana da kaka muna roron wake, rana ta take, Murna ta taka ƙaya. Ta rugo tana kuka, "Mama, goya ni!" Na duƙa, na kai hannu in juya ta baya kamar kullum. Hannu ya ƙi. Na sake, ya ƙi. Yarinya ta zame ta faɗi tsakanin kunyoyin wake, ta ɗago tana dubana, ta ce, "Mama, ba ki so na?"

Wannan maganar ita ta karya ni. Na bar ta wurin ubanta, na koma gida, na zagaya bayan rumbu na durƙusa. Ban iya addu'a mai tsari ba ran nan. Cewa kawai nake, "Ya Yesu, na yi ƙarya da sunanka. Na faɗi abin da ba ka faɗa mani ba, na kuma ɗora maka nauyin rufa mani asiri. Ba sunanka nake karewa ba, nawa ne. Ka gafarta mani. Ka cire mani kunyar nan ko da ba ka cire ciwon ba!" Na yi kuka har muryata ta dushe. Da na tashi ciwon yana nan, amma ƙafata ta san inda za ta.

Gidan Mama Saratu na nufa, shugabar zumuntarmu, ga ta can zaune. Na same ta tana sussukar gero. Ta dube ni sau ɗaya ta ce, "Ɗiyata, halan yau kin gaji da mayahin nan? Buɗe in gani, ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

Na buɗe. Hawaye suka zubo mata. Sai ta shiga ɗaki ta fito da wani ɗan ƙulli a leda, ta sa mani a hannu. Katina ne.

Ta ce, "Ni na ƙirga baiko ran nan. Kati ba baiko ba ne, Rifkatu, mi Ubangiji zai yi da shi? Na aje maki. Laihina ɗaya, da na tsaya jiran ki tambaya."

Muka tafi babban asibiti a Zariya ni da maigidana, kun san yadda hanya take a shekarun nan. Aka ɗauki hoto. Likitan can bai yi mani faɗa ba, da ma ya yi, da ya fi mani sauƙi. Ya ce, "Da yana ƙarami kika zo, mai yiwuwa sa ido kawai za mu yi, ko mu gwada magani, domin wani yakan tsaya da kansa, wuƙa kuma wani lokaci tayar da shi take yi. Yanzu ya danne jijiya. In mun shiga, za mu ɗebi tsoka da yawa, kuma ban yi maki alkawarin ba zai dawo ba." Wannan karon na ji duka, har ƙarshe.

Aka yi aikin. Ga hannun, ku duba. Iyakarsa ƙirji, ba ya wucewa. Ba ni daka, ba ni jan guga, tulu kuwa sai dai in saurara. Ɗankwalin nan da kuke gani a karkace, Baban Murna ne ya ɗaura, shekara uku yana koyo har yau bai iya ba. Murna ta shiga makaranta, ta wuce goyo. Ban sake goya ta ba tun ranar roron waken nan, kuma wannan shi ne abin da har yanzu in na tuna sai na yi kuka.

Sauran gaskiyar kuma ga ta. Bara ya sake tohowa, ɗan ƙarami kamar aya. A makon na tafi asibiti. Ba a yanka ba, aunawa ake yi duk wata uku, kuma har zuwan da na yi na ƙarshe yana nan inda yake, bai ƙaru ba. Gobe ban sani ba, ba zan ƙara faɗin abin da ban sani ba.

To mece ce shaidata? Yesu bai cire mani ciwon nan ba tukuna, amma ya fisshe ni daga ƙarya da kunyar da suka kusa cinye mani hannu gaba ɗaya. Ya bar mani yatsu biyar masu motsi, da miji mai haƙuri, da uwa mai ajiya. Na gode mashi, na gode, na gode!

'Yar'uwa, in kina zaune a nan da wani abu a ƙarƙashin mayafi, kada ki bari a tashi taron nan ba ki faɗa wa kowa ba. In kuma akwai wadda ta ajiye katinta saboda ta ga na jefar da nawa, ki yafe mani, ki je ki ɗauko. Ku dogara ga Ubangiji da dukan zuciya, ba ya jin kunyar mai tabo.

Ga nawa katin, duk ya cika da rubutun likita. Da hagu zan ɗaga shi, dama ba ta kaiwa. Yabo ya tabbata ga sunan Yesu. Amin.