Kujerar Auta

A wurin ajiye motoci na asibiti, maman Auta na ta kokawar ɗaure ɗanta a kujerar yara. Wata mai tsohon ciki ta jingina da motar kusa tana kallo.

"Baiwar Allah, yaron nan fa ya fi ƙarfin kujerar nan."

"Wa, Auta? Ai jariri ne, jiki kawai gare shi."

"Jaririn da ya kusa gemu? Dubi kansa ya wuce saman kujerar, kafaɗunsa sun haye inda bel ke fitowa. Ga iyakar nauyi nan a rubuce a gefe. In aka taka birki da ƙarfi, ba za ta riƙe shi ba."

Maman Auta ta leƙa rubutun, ta tuna kilon da aka faɗa mata ɗazu a wurin awo. Lallai Auta ya wuce iyakar.

"Kamar jiya na fito da shi daga nan a zane. Daga shi kuma likita ya ce na gama haihuwa."

"Allah ya raya shi. Ki nemo masa babba yau. Wannan kuwa, kar a bar ta tana shan ƙura."

Maman Auta ta dubi cikin matar, ta tuntsire da dariya.

"Au! Ashe magajin kujerar ne ya aiko ki?"

"Tun ɗazu yake harbina wai in yi magana."